Marinin Fitsari: Rayuwar Malam Hamisu Ɗan Azumi na Madarunfa

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hamisu Isa, wanda aka fi sani da Ɗan Azumi, a garin Safo na ƙasar Madarunfa, cikin watan azumin shekarar 1944, ko da yake takardar haihuwar da hukumar Faransawa ta yi masa bayan shekara takwas ta ce ranar ɗaya ga Janairu ya zo duniya, kamar yadda ta ce game da dukkan yaran da aka rubuta tare da shi. Mahaifinsa Isa marini ne, mai ramin baba biyu a karofin bayan kasuwa, mahaifiyarsa kuwa sunanta Delu. Shi ne na biyar a wurinta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya wuce yaye.

Karatu

A shekarar 1952 hukuma ta nemi yara daga Safo domin a kai su lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Gidajen da ke da hali suka tura nasu ƙauye wurin kakanni har ƙurar ta lafa, aka ɗauki ɗan marini, ba don an hango wata hazaƙa tare da shi ba. Ya gama ƙaramar makaranta a 1958, ya yi shekara huɗu a kwaleji, sannan a 1963 ya shiga makarantar koyon aikin jinya a Yamai. A can malamansa suka lura cewa bai iya magana da majinyaci ba: ko dai ya yi shiru har majinyacin ya tsorata, ko ya faɗa masa gaskiya har ya fi tsorata. Saboda haka suka mayar da shi labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, inda abin da ake dubawa ba ya buƙatar gaisuwa.

A labo ya koyi aikin da ya zama sanadin ɗaukakarsa da kuma wulaƙancinsa, wato rinin fitsari. Ana ɗiga fitsarin majinyaci a kan ɗan fallen gilashi, a bar shi ya bushe, a gifta shi ta harshen wuta, sannan a zuba masa rini shunayya, a bi da ruwan aidin, a wanke da alkol, a ƙarasa da jan rini. Idan aka sa gilashin ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyin cuta, wasu ƙwayoyin sukan riƙe shunayyar, wasu su sake ta su ɗauki ja. Fitsarin lafiyayye kuwa ba a ganin komai a cikinsa. Duk aikin bai wuce rubu'in awa ba. Hanya ta biyu, wadda ta fi tabbas, ita ce shuka: a zuba fitsarin a faranti mai abincin ƙwayoyi, a jira kwana biyu ko uku a ga abin da ya tsiro. Majinyacin da aka kawo ɗakin gaggawa da zazzaɓi da ciwon kwiɓi ba kasafai yake da kwana uku na jira ba, kuma a nan rinin yake da daraja.

Da labari ya kai wa mahaifinsa cewa bayan shekara goma sha huɗu ta karatu ɗansa rini yake yi, an ce ya tambayi irin tufafin da yake rinawa. Da aka ba shi amsa, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Aiki, aure da 'ya'ya

Ya fara aiki a Damagaram a 1967, aka mayar da shi Tawa a 1975, sannan Difa a 1982. A 1969 ya auri Rakiya, 'yar wani maɗinki daga garin Ɗan Isa, wadda ta haifa masa Nura a 1971, da tagwaye Hassan da Hussaina a 1974, da Farida a 1979. Hassan ya rasu da ƙyanda yana da shekara biyu. Rakiya ta zauna da shi shekara ashirin cikin mutunci, tana wanke rigar aikinsa a kwano dabam, tana shanya ta a igiya dabam. Ta rasu a Difa a 1989, bayan jinyar wata huɗu.

Komawa Madarunfa

A farkon 1990 ya nemi a mayar da shi kusa da gida, aka tura shi wani ƙaramin asibiti da wata ƙungiyar agaji ta gina a gefen garin Madarunfa, mai gado goma sha takwas da ɗakin gaggawa da labo mai taga ɗaya. Ya kama gida a bayan asibitin, 'ya'yansa kuwa suna Maraɗi wurin ƙanwar uwarsu saboda makaranta.

Mutanen gari sun karɓe shi da girmamawa, daga nesa. Cikin wata guda aka sa masa laƙabin Marinin Fitsari. A masallaci akan ba shi hannu, amma an lura cewa waɗanda suka ba shi sukan tuna da wata buƙata a wurin buta. Bai taɓa jan salla ba, ko da kuwa shi ne mafi karatu a sahu. A 1991 ya nemi auren wata bazawara, ta aiko masa da cewa ba ta da abin zargi a halinsa, sai dai ba ta san yadda za ta ci tuwo kwano ɗaya da hannun da ya wuni cikin najasar jama'a ba. Bai sake neman aure ba. A duk faɗin garin babu mai tafasa kayan aikinsa kullum sai shi, kuma babu wanda ake shakkar tsarkinsa kamarsa.

Tsarin aikinsa shi ne ya tafasa ƙananan kwalabe kowace safiya, ya rufe su, ya ba wata dattijuwa mai suna Inde, mai sharar ɗakin gaggawa, ta riƙa miƙa wa majinyata, tun da yake mata ba za su karɓi irin wannan kwalba daga hannun namiji ba. Ya koya mata umurni guda da za ta riƙa faɗa wa kowa: a yi tsarki tukuna, sannan a cika kwalba. Inde takan tara kwalaben a faranti a bakin taga, sai farantin ya cika ta kai masa.

Rasuwar Talatu da hana rini

A 1992 aka kawo sabon likita, Dokta Aminu, saurayi da ya fito daga jami'a ba da daɗewa ba, mai son lissafi. Bai jima ba ya lura cewa kusan duk wanda aka tura fitsarinsa labo akan dawo da takarda mai cewa an ga ƙwayoyi. Ya taɓa cewa a gaban ma'aikata, idan aka bi takardun Malam Hamisu to Madarunfa ba ta da mafitsara ɗaya lafiyayya, har da ta jakuna.

A watan Mayun 1993 wani manomi daga ƙauyen Sarkin Yamma mai suna Ɗan Baba ya kawo matarsa Talatu a amalanke, tana da kwana shida da zazzaɓi da ciwon mara. Aka karɓi fitsarinta, Malam Hamisu ya rina, ya ga jajayen ƙwayoyi birjik, ya rubuta abin da ya gani. A kan wannan takarda aka yanke cewa ciwon mafitsara ne, aka ba ta ƙwayoyin magani aka sallame ta. Bayan kwana huɗu aka dawo da ita cikinta ya kumbura ya yi tauri. Taifot ne, har hanji ya huje. Ta cika a hanyar Maraɗi, ta bar 'ya'ya huɗu.

Dokta Aminu ya nemi takardun majinyata sittin da labo ya ce suna da ƙwayoyi, waɗanda daga baya aka tura Maraɗi aka sake karɓar fitsarinsu a can aka shuka. Ashirin da bakwai kaɗai aka samu da ciwon. A watan Yuni ya rubuta umurni, ya manna a ƙofar labo, cewa daga ranar an daina rinin fitsari a ɗakin gaggawa, domin a cewarsa jefa dala sama a duba fuskar da ta faɗo ya fi saurin ba da amsa, kuma bai fi rinin kuskure ba. Aka bar wa Malam Hamisu gwajin jini da na bayan gida da na tsargiya.

Malam Hamisu ya je Sarkin Yamma ta'aziyya da niyyar neman gafara. Ɗan Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce: “Haba Malam, kai mi naka ciki? Kwananta ne ya ƙare.” Aka yi fatiha, aka kawo fura. Ya koma gida da abin da ya je saukewa.

Shekarun bincike

Daga Yunin 1993 zuwa Afrilun 1996 Malam Hamisu ba shi da wata damuwa sai ta gano inda kuskuren yake, domin ya san ko hannunsa ne ya kashe Talatu. Ya fara zargin rinin, ya tace shi da takarda, sannan ya zubar ya haɗa sabo. Ya zargi gilasan, ya riƙa ƙona su sau biyu. Ya zargi kwalaben, ya ninka lokacin tafasa su. Ya zargi idonsa, ya je Katsina aka auna shi, aka ce masa idonsa ya fi na mai aunawar. Daga nan ya ɗauki al'adar rina fitsarin kansa kowace safiya kafin a buɗe asibiti, ya rubuta sakamakon a wani littafi mai baƙin bango. Littafin yana nan, kuma a ciki akwai layi sama da ɗari tara masu kalma ɗaya: babu. Idan kuwa ya ɗebi kaɗan daga kwalaben da ake kawo masa domin gwajin tsargiya ya rina a ɓoye, sai ya ga ƙwayoyi kamar kasuwa.

A cikin waɗannan shekaru hulɗarsa da mutane ta ƙara raguwa. Ya daina zama a majalisar ma'aikata ƙarƙashin bishiyar bedi, inda akan tambaye shi ko yau ma ya samu ciwon a jikin randa ko a jikin bango. Yakan dafa abincinsa da kansa, ya ci a bakin ƙofa, ya yi la'asar, ya zaga bakin tabki shi kaɗai ya dawo. Nura da Hussaina sukan zo da salla, su kwana biyu. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995 an buƙace shi ƙwarai, domin irin wannan rinin ake yi wa ruwan ƙashin baya, kuma wata uku ba a yi kuskure da takardarsa ba, ma'aikata har suna kiransa Baba. Da annobar ta wuce aka koma yadda ake. A ƙarshen shekarar aka ba Dokta Aminu gurbin ƙarin karatu a Turai, ya tafi ba tare da ya leƙa labo ba.

Randar makewayi

A watan Afrilun 1996 iska ta kwashe rufin labo, aka mayar da teburinsa baranda ta baya har a gyara. Daga nan ana hango makewayin majinyata, da wata tsohuwar randa da ke bakinsa, wadda ake ƙara wa ruwan rijiya kullum, ba a kuma taɓa juye ta ba tun da aka kafa ta. A rana ta biyu ya ga wani tsoho masunci, wanda aka ba kwalba domin gwajin tsargiya, ya tsaya a bakin randar, ya buɗe kwalbar, ya yi bisimilla, ya ɗauraye ta sau uku, sannan ya shiga. Malam Hamisu ya jira shi ya fito, ya tambaye shi dalili. Tsohon ya ce: “Kai Malam, kwalbar da kowa da kowa ya yi bawali ciki? Ai sai an yi mata tsarki. Ita ma Inde haka ta ce.”

Ya kira Inde, ta tabbatar ba tare da wata fargaba ba. Ta ce: “To ba kai ka ce a yi tsarki tukuna ba? Mutum ya yi wa kansa tsarki ya bar kwalba da najasa? Shekara shida ban taɓa barin kowa ya shiga bai ɗauraye ba, Allah ya sani.”

Ya ɗebi ruwan randar ya rina, ya ga abin da ya daɗe yana gani. Ragowar wannan ruwa ke zama a gindin kwalba, fitsari ya hau kai, kwalbar ta jira a bakin taga cikin zafi har farantin Inde ya cika, ƙwayoyin su hayayyafa. Shi abin da yake nufi da tsarki shi ne majinyaci ya wanke jikinsa. Da tsabta ya ce, wataƙila da an tsaya a nan. Amma ya ce tsarki, kuma tsarki a wurin mutanen da ya taso cikinsu hukunci ne da ke hawa kan jiki da tufa da ƙwarya, ba ya kuma tabbata sai mutum ya ga ruwa ya gudana da idonsa. Rinin bai yi ƙarya ba, idonsa ma bai yi ba. Kalmar da ya zaɓa ce, shi da ya tashi da Hausa a bakinsa.

Ya fara da hana ɗaurayar, mutane suka amsa da to, suka riƙa ɗauraya a bayan katanga. Ya je wurin limamin unguwa, liman ya yarda cewa tafasa kwalba cikin ruwa ta wadatar a shari'a, amma ya ce ba a kai zancen bawali kan mumbari. A ƙarshe Malam Hamisu ya sa aka ɗauke randar, ya ajiye buta biyu a bakin makewayin, yana cika su da tafasasshen ruwa da hannunsa safe da rana. Ya bar kowa ya yi wa kwalba tsarki sau uku, ko bakwai in yana so, ya kuma roƙi Inde ta riƙa kawo kowace kwalba da ɗuminta.

Kwalba ɗari da goma sha biyu

Ya je wurin sabon likitan da ya gaji Dokta Aminu da takardar neman izini mai shafi biyu, domin a ɗage umurnin 1993. Likitan ya ce bai san an taɓa hanawa ba, kuma da aka duba ƙofar labo sai aka tarar gara ta cinye takardar tun bara. Ya ce masa ya yi abin da ya ga dama, ya koma kan abincinsa.

Daga Yulin 1996 zuwa Oktoban 1997 Malam Hamisu ya rina fitsarin majinyatan gaggawa ɗari da goma sha biyu. Yakan raba kowace kwalba biyu, ya rina rabi ya rubuta hukuncinsa ya rufe, ya sa rabin a ƙanƙara ya kai Maraɗi a kan babur, inda wani tsohon abokin karatunsa yake shuka masa ba tare da ya ga hukuncin ba. Shuka ta nuna arba'in da ɗaya suna da ciwon. Rini ya kama talatin da bakwai daga cikinsu, huɗu suka kuɓuce masa. Daga saba'in da ɗaya da ba su da shi, rini ya ɗora wa shida ciwon da ba nasu ba. Ya rubuta rahoto mai shafi goma sha ɗaya, inda ya ce rinin yana kuskure kusan sau ɗaya cikin goma, wanda ya isa a fara magani a kansa, amma bai isa a daina duba cikin majinyaci ba. Ya aika kofi ɗaya Maraɗi, ɗaya Yamai, ɗaya kuma ga Dokta Aminu a adireshinsa na Turai. Ba a san wanda ya karanta ba.

Ziyara ta biyu zuwa Sarkin Yamma

A farkon Disamban 1997, bayan an gama kai hatsi rumbu, ya hau babur zuwa Sarkin Yamma domin ya gaya wa Ɗan Baba ainihin abin da ya faru, ya kuma nemi gafarar da wancan karon aka ba shi kafin ya faɗi laifin. Ya same shi yana gyaran danga. Suka gaisa, suka zauna, kuma kafin Malam Hamisu ya shiga zancen, Ɗan Baba ya shiga da kansa, kamar mai jin daɗin samun wanda ya san ranar. Ya ce: “Ni dai Malam, abin da ke kwantar mini da rai, ban gaza mata ba. Ran nan ko tsayuwa ba ta iyawa. Ni na amshi kwalbar, ni na yi wa kwalbar tsarki a randa da hannuna, sau uku, na ce ko mi za a duba, kada a duba cikin ƙazanta.”

Malam Hamisu ya haɗiye abin da ya zo faɗa. Sannan ya ce masa lalle bai gaza ba, ya tambayi lafiyar yara da yadda gero ya yi bana, ya sha furar da aka kawo, ya yi sallama kafin azahar.

Ƙarshen rayuwa, rasuwa da jana'iza

Ya ci gaba da aikinsa wata goma bayan wannan ziyara, yana tafasa ruwan butoci, yana rina abin da aka aiko masa. A farkon Oktoban 1998 ya faɗi a barandar labo, rabin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a ɗaya daga gadajen asibitin, Hussaina ta zo daga Maraɗi ta yi jinyarsa. Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, goma sha huɗu ga Oktoba, 1998, da hantsi, yana da shekara hamsin da huɗu. Aka yi masa salla bayan azahar, aka kai shi maƙabartar yamma da gari. Sahu uku aka yi, mafi yawa ma'aikatan asibiti da masu jinya da suka tarar ana yi. Ba a turo wani malamin labo ba sai bayan shekara guda, kuma kafin nan an mayar da randar wurinta, domin babu mai lokacin tafasa ruwa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki biyar. Nura, direban babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano. Farida, malamar makaranta a Ɗan Isa. Da Hussaina, matar aure a Maraɗi, wadda littafin mai baƙin bango da kofin rahoton suke hannunta, kuma ita kaɗai ya gaya wa abin da aka faɗa a bakin danga, da rabin bakin da ya rage masa, bisa sharaɗin kada ta faɗa wa kowa muddin Ɗan Baba yana numfashi. Ɗan Baba ya rasu a daminar 1999, da ransa a kwance. Allah ya jiƙansu su duka, da Talatu.